Jemagun da ke shawagi a tsakar gida da magariba, me suke nema?

Ni dai al'adata ce in na dawo daga sallar magariba in ɗan zauna a tsakar gida kafin duhu ya gama rufewa, kuma kusan kullum sai na ga ƙananan jemagun nan suna ta wulgawa ta saman katanga. Yaran gida da maƙwabta sun sha yi min tambayoyi a kansu, wasu ma da danƙo a hannu suke tambayar, shi yasa na ce bari in tattara amsoshin wuri ɗaya.

Wai me suke nema suke ta kai-komo haka kamar sun ɓata hanya?

Abinci suke nema, farauta ce kake gani da idonka. Duk wannan kwanar da yake yankewa farat ɗaya, ya yi ƙasa ya yi sama, ƙwaro ne ya hango ya bi shi. Ka lura da kyau, inda kwan lantarki ko fitilar sola take nan suka fi zagayawa saboda nan ƙwari ke taruwa. In kana so ka ga abin sosai toh ka jira ruwan farko na damina, ranar da shinge ya fito, wallahi ranar sai ka ga sama ta cika da su kowa na ɗiba.

Duk jemage ne ke cin ƙwari?

A'a, kuma nan ne mutane ke haɗa su a kwando ɗaya. Jemagu a duniya sun haura iri 1,400, wajen kashi 70 cikin ɗari ƙwari suke ci, su ne ƙananan nan da jikin wani bai wuce babban yatsanka ba. Sai kuma manyan, masu fuska kamar ta ɗan kwikwiyo, da ke rataye a bishiya da rana suna hayaniya, waɗannan 'ya'yan itace ne abincinsu, mangwaro, gwaba, 'ya'yan dalbejiya. Wanda ya taɓa zuwa Accra ya bi ta wajen asibitin sojoji na 37 da yamma ya san su, tashi suke su rufe sama.

Mai lambun mangwaro yana jin haushinsu na sani, amma ka san furen kuka da na ɗorawa da na rimi da dare suke buɗewa? Manyan jemagun nan ne ke zuwa shan ruwan furen, su kwashi garin fure a gashinsu su kai wata bishiyar, da haka take yin 'ya'ya. Kaga kenan daddawar da ke cikin miyarka akwai hannun jemage a ciki. Maganar da ake cewa wai jemage ta baki yake kashi ma daga wurinsu ta samo asali, tauna ɗan itacen suke su tsotse ruwan su tofar da tuƙar, sai mutum ya gani a ƙasa ya ɗauka kashi ne.

Ance makaho ne, to ya yake kama ƙwaro cikin duhu?

Ba makaho bane, yana gani. Sai dai ƙananan sun fi dogara da kunne. Yana tafe yana fitar da wata ƙara siririya wadda kunnen ɗan Adam yawanci baya iya ji, ƙarar ta daki abu ta dawo masa kamar amsa-kuwwa, daga nan yake gane nisan abin da girmansa da inda ya dosa, in ya kusa cafke ƙwaron sai ya ƙara saurin ƙarar sosai. Tun shekarun 1790 wani masani ɗan Italiya mai suna Spallanzani ya lura jemage na tashi lafiya ƙalau ko da baya gani, amma sai wajen 1940 Donald Griffin a Amurka ya tabbatar da sirrin da na'ura. Ni duk sanda na tuna wannan sai na ce Allah mai iko. Kuma ba tsuntsu bane, haihuwa yake ya shayar, mafi yawa ɗa ɗaya tal a shekara.

To tunda yana cin sauro, in akwai jemage a gida an huta da maleriya kenan?

Nan fa sai a yi hankali. Eh yana cin sauro, amma maganar nan da ke yawo cewa jemage ɗaya na cinye sauro 1,000 a awa ɗaya daga gwajin da aka yi cikin ɗaki ta fito, inda aka sake masa sauro zalla. A waje yafi son abin da zai cika masa ciki, irin ƙwaron nan mai gari-gari a fiffike da ke zagaye fitila mai kama da malam-buɗe-littafi, da ƙananan buzuzu da shinge. Kuma sauron da ke kawo zazzaɓi cikin ɗaki yake cizonka tsakar dare, jemage na can waje. Dan Allah kar wanda ya naɗe gidan sauro ko ya bar ruwa kwance a kwata yace ai akwai jemage.

Amma cin ƙwarinsa ba wasa bane, macen da ke shayarwa tana iya cin abin da ya kusa nauyin jikinta a dare ɗaya.

Manomi fa, yana amfana?

Shi ma yafi kowa. Tsutsar nan da ta addabi masara tun da ta ɓulla a Najeriya a 2016, uwarta ƙwaro ce mai tashi da dare tana zuba ƙwai a ganye, kuma a Amurka inda tsutsar ta fito an tabbatar jemagu na cin irin waɗannan ƙwari. Wani bincike na 2011 ya ƙiyasta aikin da suke wa manoman Amurka da aƙalla dala biliyan 3.7 a shekara, kuɗin maganin feshi da asarar amfanin gona da aka tsallake kenan.

Baya ɗauke da cuta?

Wasunsu na ɗauke da ita, ba zan ɓoye ba. Akwai ƙwayar cuta 'yar uwar ta haukan kare da aka fara ganowa jikin jemage a Legas a 1956. Wanda ke shawagi a sama bashi da ruwa da kai, matsalar taɓawa ce. In ka ga jemage a ƙasa da rana toh da wuya in lafiyarsa ƙalau, kar yaro ya ɗauka, kar a bar kyanwa ta yi wasa da shi. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan ya tafi asibiti ranar, kar a ce ai ɗan ƙaramin ciwo ne. Mangwaron da ka tsinta an gatsa shima a barshi.

Sun shiga silin ɗina suna wari, ya zan yi?

Kar ka sa musu guba ko hayaƙi, mutuwa za su yi a ciki warin ya ninka. Ka tsaya a waje da magariba ka ga ta wace kafa suke fitowa a ƙarƙashin kwanon, ka toshe sauran ƙofofin ka bar wannan, sai ka rataya raga ko leda mai kauri a bakinta ka bar ƙasan a sake yadda za su iya zamewa su fita amma ba za su iya komawa ba, bayan kamar mako ɗaya ka liƙe gaba ɗaya. In kana jin kukan 'ya'ya a ciki ka ɗan yi haƙuri sai sun fara tashi. Wajen kwashe kashin kuma ka yayyafa masa ruwa ka rufe hanci da baki saboda ƙurarsa na iya taɓa huhu, in ka kwashe ka kai gindin shuka, taki ne mai kyau.