Tunnel (fim ɗin Koriya ta Kudu, 2017)

Tunnel fim ne mai dogon zango da tashar OCN ta Koriya ta Kudu ta nuna daga Maris zuwa Mayu 2017, kashi 16 ne duka. Labarin wani ɗan sanda ne, Park Kwang-ho, Choi Jin-hyuk ne ya hito a matsayinshi. A 1986 yana bin sawun wani mutum da ke kashe mata ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ya kashe sai ya yi mata ɗige-ɗige a dunduniya kamar mai ƙirga. Wani dare ya bi shi cikin wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, aka buga mishi dutse a kai, yana farfaɗowa ya fito sai ya iske shekara 30 ta wuce.

To nan fa daɗin fim ɗin yake. Mutum ne da bai san portabul ba, bai san gwajin ADN (gwajin ƙwayoyin halitta) ba, aikinshi na ƙafa ne da tambayar mutane gida-gida, ga shi yaron da yake koya ma aiki a da shi ne yanzu shugabanshi a komisariya, sannan an haɗa shi aiki da Kim Sun-jae wanda uwarshi na cikin matan da aka kashe. Amma ni abin da ya fi taɓa ni ba makashin ba ne, matar Kwang-ho ce Yeon-sook da ya baro can tana jiran ya komo gida. Na kalle shi ne a fadarmu nan Yamai, mu biyar kan waya ɗaya da fassarar faransanci a ƙasa, ranar da Kwang-ho ya gane Shin Jae-yi, wata malamar jami'a da ke taimaka ma 'yan sanda, ɗiyarshi ce wallahi shayi har ya huce babu wanda ya ce uffan.

Tushen labarin gaskiya ne, kashe-kashen Hwaseong, wani gari a Koriya ta Kudu, inda aka kashe mata 10 tsakanin 1986 da 1991. Lokacin da aka yi fim ɗin ba a ma san wanda ya aikata ba, sai a 2019 ADN ya tona asirin Lee Choon-jae, wanda dama yana kaso tun 1994 saboda kashe ƙanwar matarshi, daga baya ya amsa kisan mutum 14.