Tsarin jera ƙungiyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka ta hanyar lissafi

Tsarin jera ƙungiyoyi ta hanyar lissafi dabara ce ta auna ƙarfin ƙungiyoyin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i da alƙaluman wasanninsu, ba da ra'ayin 'yan jarida ko masu horarwa ba. Ƙwallon da ake nufi ita ce mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. A babban matakin gasar akwai ƙungiyoyi sama da 130, kowace kuma wasa 12 take yi a kaka kafin wasannin ƙarshe, don haka yawancinsu ba sa haɗuwa da juna. Ƙungiyar da ta lashe duk wasanninta da raunana, da wadda ta sha kashi sau ɗaya a hannun manya, wace ce gaba? Tambayar da lissafin ke neman amsawa ke nan.

Tarihi

Tsarin farko da ya yi suna shi ne na Frank G. Dickinson, malamin tattalin arziki a Jami'ar Illinois, wanda ya fara fitar da jerinsa a 1926. Ya kasa ƙungiyoyi gida biyu: masu ƙarfi, wato waɗanda nasararsu ta fi rashin nasara yawa, sai kuma saura. Doke mai ƙarfi maki 30 ne, doke maras ƙarfi 20. Shan kashi a hannun mai ƙarfi maki 15, a hannun maras ƙarfi 10. Daga nan sai a raba jimillar da yawan wasanni. Ana cewa Knute Rockne, kocin Notre Dame, shi ya nemi a koma baya a lissafa kakar 1924, aka kuwa ba ƙungiyarsa kambun. Tsarin ya ci gaba har 1940.

Wasu suka biyo baya, kamar na Dick Dunkel wajen 1929 da na Litkenhous a farkon shekarun 1930. Amma ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin dillancin labarai na AP, da ta kafu a 1936, da ta masu horarwa a 1950, su suka ƙwace kunnen jama'a na tsawon shekaru. Jeff Sagarin, wanda ya karanta lissafi a jami'ar MIT, ya dawo da alƙaluma fili da jaridar USA Today ta fara buga jerinsa a 1985.

Zamanin BCS

Daga kakar 1998 zuwa ta 2013, tsarin BCS (Bowl Championship Series) ne ke zaɓen ƙungiyoyi biyu da za su kara a wasan kambu, yana haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta. An yi ta gyara shi kusan duk lokacin da aka yi ƙorafi. A 2001 Colorado ta lallasa Nebraska da ci 62 da 36, duk da haka Nebraska ta kai wasan kambu, inda Miami ta doke ta 37 da 14. A 2002 aka hana kwamfutocin la'akari da tazarar maki, don kada manya su riƙa jibga wa ƙanana ci saboda neman matsayi. Masana lissafi da yawa sun ga an zubar da bayani mai amfani ne.

Kakar 2003 ta fi kowace tayar da ƙura. USC (Jami'ar Southern California) ce ta ɗaya a ƙuri'ar AP da ta masu horarwa, amma lissafi ya ajiye ta ta uku. Oklahoma, wadda Kansas State ta doke 35 da 7, ita ta kara da LSU (Jami'ar Louisiana State) a wasan kambu, ta kuma sha kashi 21 da 14. LSU ta ɗauki kambun BCS, AP kuma ta ba USC kambu, aka wayi gari da zakaru biyu. Daga 2004 kason kwamfuta ya koma ɗaya bisa uku, da tsare-tsare shida: Anderson-Hester, Billingsley, Colley, Massey, Sagarin da Wolfe. A kan kowace ƙungiya ana jefar da matsayi mafi sama da mafi ƙasa, a yi aiki da huɗun tsakiya.

Yadda ake lissafin

Tsarin Wes Colley nasara da rashinta kawai yake dubawa. Kowace ƙungiya tana farawa da rabi: a ƙara 1 kan yawan nasara, a raba da yawan wasanni da ƙarin 2, sannan a gyara gwargwadon ƙarfin abokan karawa. Tun da ƙarfin kowa ya rataya a kan na wasu, dole a warware lissafin duka lokaci guda. Asalin tsarin Kenneth Massey kuwa yana neman lambobin da bambancinsu ya fi kusa da tazarar makin da aka gani a fili. Masu hasashen sakamako kan ƙara wa mai masaukin baƙi maki biyu zuwa uku.

Jera rukunonin gasa

Ƙungiyoyin jami'o'in sun kasu rukuni-rukuni. Rukunoni irin su SEC, Big Ten, Big 12 da ACC ana auna su da matsakaicin ƙarfin mambobinsu. Sagarin ya fi ba na tsakiya nauyi, don kada gwarzo ɗaya ko rago ɗaya ya karkatar da awon. Matsalar ita ce wasannin da ke tsakanin rukunoni kaɗan ne, kuma yawanci a farkon kaka ake yin su. Magoya baya ba su daina jayayya a kan wane rukuni ya fi ba.

Yanzu

Tun 2014 kwamiti ne ke zaɓen masu shiga zagayen ƙarshe, ƙungiyoyi huɗu da farko, 12 daga 2024. Tsare-tsare irin su FPI da SP+ na ESPN suna nan, galibi don hasashe.