Nisan da ke tsakanin Maraɗi da Yamai

Maraɗi da Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, suna kusan kan layi ɗaya a taswira, kowanne wajen digiri 13.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ta sama, tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kilomita 540. Ta ƙasa kuwa wajen kilomita 660 ce.

Hanyar mota

Bambancin kilomita 120 ɗin nan daga lanƙwasar hanyar ƙasa ta 1 yake, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai. Daga Maraɗi kwaltar tana bi ta Tibiri da Gidan Rumji, ta haura arewa maso yamma zuwa Madawa, sannan ta sauko Galmi, garin albasa, ta wuce mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ta shiga Birnin Ƙonni. Zuwa nan an ci kimanin kilomita 240. Daga Ƙonni sai Dogon Dutsi, sai gangarowa kudu maso yamma zuwa Doso, sannan a sake hawa arewa maso yamma wajen kilomita 140 a isa Yamai, ta yankin Kure mai raƙuman dawa.

Manyan motocin fasinja kan tashi da asuba, su ɗauki awa 9 zuwa 11. Ƙaramar mota mai shan lita 8 a kilomita 100 na bukatar kusan lita 53. Abin da ke cinye lokaci shi ne shingayen jandarma da na kuɗin hanya, tudun rage gudu a cikin garuruwa, da cunkoso ranar kasuwa. Da damina koramu kan cika su ci gefen kwalta. Da dare dabbobi da amalanke marasa fitila ne babban haɗari.

Jirgin sama

Tashi daga filin jirgin Maraɗi, mai alamar MFQ, zuwa filin Diori Hamani na Yamai ba ya wuce awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgi mai farfela. An gyara filin albarkacin bikin Maraɗi Kwalliya na 2015. Jiragen fasinja ba kullum suke zuwa ba, kuma hazon hunturu kan sa a soke tashi.

Tarihi

Har zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar, kuma nisanta da Maraɗi bai kai rabin na Yamai ba. Mayar da fadar mulki yamma zuwa Yamai ne ya ba wannan doguwar hanya muhimmanci. Duk da haka fataucin Maraɗi kudu ya fi fuskanta, domin Katsina ba ta kai kilomita 100 ba, kuma gyaɗar yankin ta daɗe tana fita ta tashar jirgin ƙasa ta Kano. Wajen 1953 ko 1954 Faransawa suka ƙaddamar da wani shiri na karkatar da gyaɗar ta Doso da Gaya zuwa Paraku da Kwatano a ƙasar Benin ta yanzu, abin da ya ƙara yawan manyan motoci a kan hanyar yamma.

Babu layin dogo tsakanin biranen biyu. Wanda aka shimfiɗa daga Yamai a Doso ya tsaya.