Abincin Mako: A Fara Lissafi da Wake da Ganye

A ranakun awon ciki da na rigakafi akwai tambayar da ba na gajiya da yi wa iyaye mata: jiya me aka ci da rana, me aka ci da dare? Daga Gangare har Rikkos da Unguwar Rogo a nan Jos amsar kusan iri ɗaya ce. Da rana shinkafa da mai da yaji ko taliya, da dare tuwon masara miyar kuka. Shekaranjiya ma haka. An ƙoshi, alhamdu lillahi, amma in aka ɗora yaro a kan sikeli sai a ga nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya, uwar kuma jininta ya yi ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma fiye da rabin matan da ke shekarun haihuwa suna fama da ƙarancin jini. Tsadar rayuwa tana da hannu a ciki, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai dai akwai ɓangaren da ke hannunmu, wato yadda ake kashe kuɗin cefanen da Allah ya hore.

Yawancin gidajenmu cefanen kullum ake yi. Maigida zai fita ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya uwargida ta fara tunanin abin da za ta ɗora, ga yara sun kusa tasowa daga makaranta, ga Islamiyya da yamma. A aiki yaro shagon unguwa ya sayo taliya da ƙullin mai da dunƙule, domin su ne masu saurin dahuwa. Wake yana son a jiƙa shi tun dare, ganye yana son a je kasuwa, shi ya sa kullum su ake bari a baya. Kuma sayen ƙulli-ƙulli, in aka tara shi a mako, ya fi sayen mudu tsada.

Abin da nake roƙo shi ne zama ɗaya a mako, maigida da uwargida tare, da takarda da biro, kafin a taɓa kuɗin. A fara leƙa sito a ga abin da ya rage. Sannan a rubuta kwana bakwai, kowace rana layi biyu, rana da dare. A nan ne nake so a sauya yadda aka saba. Kada a fara da cewa yau shinkafa, gobe tuwo, don waɗannan ba a taɓa mantawa da su. A fara rubuta abin gina jiki na kowace rana: wake, waken suya, gyaɗa, ƙwai, busasshen kifi, ko nama in da hali. Daga nan a rubuta ganyen ranar. Hatsin sai ya biyo baya.

Mu mutanen Jos Allah ya yi mana gata a wannan fannin. Kabeji da karas da koren wake da ake lodi a kasuwar Farin Gada ana kai wa wasu garuruwa, a ƙofar gidanmu suke. Dankalin turawa yana zuwa daga Bokkos da Mangu, ga acca, ga masara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana. Abin takaici ne a ce muna zaune a garin kayan lambu, amma yaro ya yi kwana huɗu bai ga kore a kwanonsa ba sai garin kuka.

A ce ranar Asabar aka shiga kasuwa. Abin da ke saurin yaushi shi za a fara ci. Asabar da dare a yi tuwo da miyar alayyahu da aka zuba wa gyaɗa. Lahadi, da yake kowa na gida, ranar gwate ce: tsakin masara ko acca, alayyahu, yakuwa, gauta, a jefa wake da ɗan ƙashi in an samu. Ban san wani abinci mai arha da ya tara amfani a tukunya ɗaya kamar gwate ba, kuma ina jin ciwo in na ji yarinya ta ce abincin ƙauye ne. Litinin da Talata ranakun makaranta ne, ana son abin da ba zai ɓata lokaci ba: shinkafa da wake da yankakken kabeji da tumatir a kai, washegari faten dankali da karas da busasshen kifi. Tsakiyar mako a yi ɗanwake da dafaffen ƙwai, da dare miyar taushe, domin kabewa tana jure ajiya. Alhamis da Juma'a ɗanyen ganye ya ƙare, sai a koma kan busassu: kuɓewa, kuka, zogale a dambu ko a kwaɗo da ƙuli-ƙuli. In akwai naman mako sau ɗaya, a ajiye shi ga Juma'a. Wannan misali ne kawai, daidai ruwa daidai tsaki, kowane gida ya dubi aljihunsa.

Zan ɗan tsaya a kan wake, don shi ne ginshiƙin tsarin. Ƙorafin da mata ke yi shi ne yana cin gas da gawayi. A jiƙa shi tun dare, a zubar da ruwan da safe, a ɗora da sabon ruwa: zai nuna da wuri, kuma kumburin ciki zai ragu. A rage cika masa kanwa, tana lalata wasu sinadaran da ake nema a cikinsa. Wajen saye a sunsuna. Waken da ke warin maganin ƙwari kada a kai shi gida komai arharsa. A gida kuma kada a zuba masa fiya-fiya don gudun ƙwari. Jarka mai tsabta, busasshiya, a cika ta taf a rufe gam yadda iska ba za ta shiga ba, ta wadatar. Bayan an ci wake ko ganye, ɓarin lemo ko gwaiba na taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Shayi kuwa hana jiki ɗaukarsa yake yi, saboda haka mai ciki ta ba da tazara tsakanin abinci da shayi, duk da na san sanyin Jos da son ruwan zafi.

Tsara abincin mako ba ya nufin a dafa na kwana uku a ajiye, musamman da wutar lantarkinmu ba ta da tabbas. Ka'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Sanyin garin nan yana ruɗin mutane su ɗauka abinci ba ya lalacewa. Ɗumame a tafasa shi sosai har cikinsa ya ɗau zafi, miyar ma ta tafasa. Gidan da ba firji ya sayi ɗanyen tumatir na kwana biyu, sauran ranakun ya yi da kauɗa. A rufe abinci da hatsi saboda ɓera, wanda fitsarinsa da kashinsa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, ya fi yawa kuma da rani. Dankalin da ya yi kore ko ya tsiro a yanke wurin da zurfi, in ya yi yawa a zubar. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna ba ta da gyara, tana cutar da hanta.

Gishiri kuma, ƙasa da giram 5 ake so babba ya ci a yini, bai kai cikin ƙaramin cokali ba, har da wanda ke cikin dunƙule. Masu hawan jini suna ƙaruwa a wurin awo. A rage dunƙule, a dawo da daddawa da citta da tafarnuwa da garin kifi.

Iyayena maza, akwai magana a kanku. Na san da yawanku kuɗin kullum ne ke shigowa, mai keke ko lebura ko mai tebur a kasuwar Taminus. Tsarin bai fi ƙarfinku ba. Ranar da kasuwa ta yi kyau a sayi mudun wake, wata ranar mudun gyaɗa ko kwalbar manja, a hankali sito ya tsaya. Kuma a dubi rabon nama. A gidaje da yawa tsokar tana tafiya kwanon maigida, yaro ɗan shekara ɗaya da mai shayarwa su samu romo, alhali su ne suka fi bukata.

Shi wannan yaron a saka shi cikin takardar da sunansa. Wata shida na farko nono zalla. Daga nan zuwa shekara biyu, a ci gaba da nono, a ɗebar masa daga tukunyar gida kafin a zuba yaji, a murƙushe masa a nasa kwanon don a ga abin da ya ci. A ba shi ƙwai, zancen cewa yana sa yaro sata ba shi da tushe. In ana yin haka amma nauyinsa bai ƙaru ba, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ya ƙi cin abinci, a kawo shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna damtsensa, a zo da katinsa na rigakafi.