Tafiyar gandun shanu a Yammacin Amurka: a karanta kafin a kira ni

Tun da aka sanar da tafiyar nan wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin ba sa canzawa. Ga amsa a wuri ɗaya.

Daga ina za mu tashi?

Fort Worth, jihar Texas. Sai Dodge City a Kansas, Cheyenne da Cody a Wyoming, mu ƙare a Montana. Mota ɗaya, kwana 10. Ba za a rage ba.

Za mu ga kaboyi irin na fim?

A'a. Makiyaya za ku gani, masu aiki. Daga 1867 aka riƙa koro garken shanu daga Texas ta burtalin Chisholm zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene a Kansas, wata biyu ko fiye a kan doki cikin ƙura, kuma da yawansu baƙar fata ne da 'yan Meziko. Har gobe a Fort Worth ana fito da shanu masu dogon ƙaho kan titi sau biyu a rana. Wanda ya san rahaji zai tsaya kallo.

Idan mun hango garke, za mu iya tsayawa mu shiga?

Kada ku kuskura. Nan ba ruga ba ce da za a yi sallama a ba ka kindirmo. Kowane fili da mai shi, an kewaye shi da waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, ita ce ma ta toshe burtalan can. Gandun da muka nemi izini kaɗai za mu shiga, kuma duk ƙyauren da ka buɗe ka rufe shi da hannunka.

Naman fa, za mu iya ci?

To, wannan ba ta da amsa guda. A Fort Worth da Dallas akwai mahautan halal, a nan za mu cika akwatin ƙanƙara. Amma da zarar mun nausa arewa, sai a yi awanni ba a ga gari ba, balle irin wannan shago, kuma ƙanƙara ba ta wuce kwana biyu ko uku sai an sake ta. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa, malamai sun saɓa: wasu sun halatta, wasu sun ce yadda ake yanka a manyan mayankan Amurka akwai shubuha. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi nasa tun kafin mu tashi, kada a zo ana gardama a gaban masu masauki. Abin da ya fi damuna ba naman sa ba ne, alade ne a ɓoye. Waken da suke dafawa a gandu sau da yawa da naman alade a ciki, romon karin kumallo ma haka, wani lokaci har kitsen suya. A tambaya, ba abin kunya ba ne. A tafiyar da ta wuce, da na yi wa mai girki bayani, tukunya daban ta ɗora mana ba tare da ɓata fuska ba. Amma ba kowane wuri ne zai yi haka ba, don haka Hajiyoyi a taho da garin kunu da shinkafa da yaji.

Ban taɓa hawa doki ba, ina tsoro.

Kwantar da hankalinki. Dokin baƙi ake ba ku, mai sanyi, kuma ba dole.

Me ya sa sai mun je Little Bighorn, tsohon filin yaƙi a Montana, ga nisa?

Saboda ƙasar da za mu yi ta kallo akwai waɗanda aka ƙwace wa. A can ne, a watan Yunin 1876, ƙabilun asalin ƙasar, wato Lakota da Cheyenne da Arapaho, suka karya rundunar Custer, wani hafsan sojan Amurka, bayan haka aka tilasta musu zaman keɓaɓɓun yankuna. Maƙabarta ce. Ban yarda da hayaniya ko hoton dariya a kan duwatsun tunawa da mamatan ba.

In zo da rigar sanyi a bazara?

Zo da ita. Cheyenne kan tudu take, da dare akwai sanyi. Buta ma kowa ya zo da tasa.