Waiwaye: Wa ke ofis, wa ke dako a Accra

A zamanin da ake kiran ƙasar nan ta Ghana da suna Gold Coast, aikin gwamnati kashi biyu ne a rubuce: muƙaman Turawa da na 'yan ƙasa, kowane da albashinsa. Ba kuma haka aka faro ba. A 1893 baƙar fata ne, Dokta John Farrell Easmon, ya zama babban likitan ƙasar. Amma a 1902, da aka haɗa likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma a hukuma guda, sai aka ce ba mai shiga sai wanda iyayensa Turawa ne. Ku yi aji ɗaya da Bature a Ingila, ku dawo yana gaba da kai. Hatta jinya an raba: asibitin Korle Bu da Gwamna Guggisberg ya buɗe a 1923 na baƙaƙe, asibitin Ridge na Turawa.

Mu mutanen zango da 'yan Arewacin Ghana, ko wannan rigimar ba ta iso kanmu ba, don muna can ƙasa. Turawa sun mayar da Arewa wurin ɗibar leburori: makarantu ƙalilan, sai kwasar samari zuwa ramukan zinariya na Tarkwa da Obuasi, da gonakin koko, da aikin soja. Kakanninmu sun cika rundunar da ake kira ta Hausawa, amma hafsoshi duk Turawa ne. Sai a 1942 Seth Anthony ya zama ɗan ƙasar nan na farko da ya samu muƙamin hafsa.

Bayan tarzomar da aka yi a Accra a 1948 aka hanzarta miƙa muƙamai ga 'yan ƙasa, aka samu 'yanci a 1957. Sai dai kujerar Bature, mai takardar makaranta ne ya gaje ta, takardar kuwa tana hannun 'yan kudu da suka yi makarantun mishan. Shi ya sa dattawan unguwannin Nima da Mamobi na Accra da yawa suka ƙare a gadi da tuƙi.

Mata kuwa kasuwa aka bar musu, ita ma ba a bar su sun sarara ba. A 1979 sojoji suka rushe Makola, babbar kasuwar Accra, suna zargin 'yan kasuwa mata da kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, har da bulala a bainar jama'a.

Dokoki dai ba a rasa ba. Ta ƙwadago ta 2003 ta ce aiki ɗaya albashi ɗaya, ta ba mai jego hutun mako 12. Ta 2024 tana neman a ba mata aƙalla kashi 30 cikin 100 na muƙamai. Madalla. Amma duk wannan na mai takardar ɗaukar aiki ne, kuma ko can, ma'aikatan jinya Musulmi sun sha fama kan hijabi. Yarinyar da ta taso daga Arewa tana kayayei, wato dako, a kasuwar Agbogbloshie, kwano a ka, goyo a baya, tana kwana a barandar shago, ba ta da uban gidan da doka za ta tuhuma. Ranar da ta haihu, ranar ba ta da kuɗin abinci.