Na'urar ba da wuta ga kayan sauti

Na'urar ba da wuta ga kayan sauti, wadda masu gyaran rediyo ke kira fawa, ita ce ke karɓar wutar gida ta mayar da ita irin ta batir, wadda amfilifaya da rediyo ke aiki da ita. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kayan sauti kuwa ƙaramar wuta suke so mai bin hanya ɗaya. A Gusau da Birnin Kebbi masu gyara kan haɗa ta da hannu, sau da yawa da taransfomar da aka ciro daga matacciyar rediyo.

Tarihi

A 1831 Michael Faraday ya gano a Ingila cewa canjin wuta a naɗin waya ɗaya yana haifar da wuta a wani naɗin ko da ba su taɓa juna ba. Wannan shi ne asalin taransfoma, amma sai a shekarun 1880 aka ƙera wadda za a mora. Dayod ɗan ƙaramin abu ne da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Jerin dayod huɗu da ke daidaita tafiyar wuta, wanda ake kira gada, Karol Pollak ɗan ƙasar Poland ne ya yi rajistarsa wajajen 1895. Leo Graetz na Jamus ya wallafa irinsa a 1897, kuma sunansa ne ya bi abin har yau.

Rediyon farkon shekarun 1920 da batir kaɗai take aiki, batiran kuma ga tsada ga nauyi. Wannan ya sa aka fara sayar da akwatin da ke maye gurbinsu daga wutar gida, kakan fawar yanzu ke nan. Dayod na silikon ya yaɗu ne wajen ƙarshen shekarun 1950, sannan a 1976 aka fito da LM317, mai daidaita wuta da har yanzu ake samu a shagunan kayan lantarki.

Yadda ake haɗa ta

Taransfoma ta sauke wutar, a ce zuwa bolt 12. Daga nan sai gadar dayod, galibi 1N4007 mai ɗaukar amfiya 1, ko 1N5408 mai ɗaukar 3. Wutar da ta fito daga gada tana bugawa sau 100 a daƙiƙa, don haka ake sa babbar kafasita, kamar mai lamba 4700, ta riƙe wuta ta cike giɓin. A nan mitar awon bolt kan nuna kusan bolt 16. In ana son 12 cif, sai a ƙara mai daidaita wuta mai lamba 7812, wanda ke bukatar rarar bolt 2 kafin ya yi aiki. Shi ya sa idan wuta ta yi rauni da magariba sauti ke lalacewa. Dole a ɗaure 7812 ɗin a jikin farantin alminiyam don ya rage zafi, musamman a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40.

Ƙugi

Ƙugin da ake ji a lasifikar masallaci kafin ladan ya buɗe baki, yawanci daga fawa yake. Ko kafasita ta bushe, ko ta yi ƙanƙanta, ko an bi da wayar makirfo kusa da taransfoma. Abin tausayi ne a ga jama'a sun yi karo-karo sun sayi sabuwar lasifika, alhali kafasita ɗaya ce ta kumbura kanta ya tsage.

Haɗari

Kafasitar da aka haɗa ƙafafunta a juye tana fashewa, kuma babba tana riƙe wuta bayan an zare soket. Ɗaura waya a madadin fiyus shi ke ƙona taransfoma.

Saɓani

Wasu sun fi yarda da mai taransfoma saboda tsabtar sauti, wasu kuma da sabuwar mara nauyi irin ta cajar kwamfuta. A ƙauyukan da wuta ba ta kai ba, batirin mota da farantin sola ne ke wannan aiki.